Wace manhajar haraji ce ta fi dawo wa mutum da kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a Amurka, W-2 (takardar albashi da harajin da aka cire, wadda wurin aiki ke bayarwa) ɗaya gare ni sai ɗan tuƙin Uber da nake taɓawa a ƙarshen mako. Bana na ce bari in cike harajina da kaina a gida, na gwada TurboTax sai ta nuna ɗan abin da za a dawo min da shi bai taka kara ya karya ba. Ƙawata kuma ta ce akwai wani mutum mai wata manhaja da ke ciro wa mutane dubban daloli kuma IRS, hukumar harajin Amurka, na karɓa. Wallahi hankalina ya tashi, ko dai manhajar banza na zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, kwantar da hankalinki. TurboTax, H&R Block, TaxAct, FreeTaxUSA, duk doka ɗaya suke bi, fom 1040 ɗaya suke cikewa, in kin zuba musu bayani iri ɗaya amsa ɗaya za su ba ki. Farashi da sauƙin tambayoyi ne kawai ya bambanta su. Ki dai tabbatar wadda kika ɗauka tana yin Schedule C, wato fom ɗin masu aikin kansu irin tuƙin Uber, tun kafin ki fara, don wasu na kyautan sai kin kai ƙarshe su ce kawo kuɗi. Ki leƙa Free File, shirin cike haraji kyauta, a shafin IRS ma. Kuɗinki ya ragu ne saboda Uber ba ta cire miki haraji tun daga tushe, ga kuma kashi 15.3 na masu aikin kansu. Ki shigar da milolin da kika yi na tuƙin Uber don a rage miki haraji, wannan haƙƙinki ne, in dai kina da rubutaccen lissafi.

Shi kuma wancan mutumin, na gaji da jin labarin irinsu. Babu wata manhajar sirri! Ƙarya yake zubawa a ciki. Ya ƙirƙiro miki kasuwancin da ba ki taɓa yi ba ya ce kin tafka asara, ko ya rubuta 'ya'yan yayarki da ke can gida a matsayin waɗanda kike riƙo, alhali doka ta ce sai ɗan ƙasar Amurka, ko mazaunin Amurka, Kanada ko Meziko. Zancen wai IRS ta karɓa shi ya fi ɓata min rai, kullum sai na maimaita shi. Saƙon nan da ke shigowa waya bayan an tura, abin da yake nufi kawai kwamfuta ta ga suna da lambar Social Security sun dace, fom ya shiga, ba wanda ya duba gaskiyar abin da ke ciki. Ma'aikatan IRS suna da shekara 3 su dawo kanki, in an tabbatar da zamba ma babu wa'adi. Ranar da wasiƙa ta zo za ki mayar da kuɗin, da kuɗin ruwa, da tara da kan kai kashi 20, kuma za a iya hana ki EITC, rangwamen harajin ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi, na shekara 2, ko 10 in zamba ce. Shi fa? Ya karɓi kasonsa, ya canza lamba. Ki tambayi ƙawarki ta duba takardarta, ina sa hannunsa da lambar PTIN, wato lambar shaidar da IRS ke ba masu cike wa mutane haraji? Duk mai cike wa mutane haraji don kuɗi dole ya sa su, wanda ya bar wurin fayau ya san abin da ya shuka, ita kaɗai ta rantse a kan fom ɗin.

Don Allah ki gaya mata ta gyara da 1040-X, fom ɗin gyara harajin da aka riga aka tura, tun kafin su rubuto mata. Ke kuma ki tura naki kafin 15 ga Afrilu, ki adana takardunki.