Kada ka saki kaya don burauza ta ce an biya

Oga, na haɗa wa wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi shafin kasuwanci, na saka Paystack, hanyar karɓar kuɗi ta intanet. Da kwastoma ya biya sai shafin ya rubuta "an biya", oda ta shiga. Yau ta kira ni ranta a ɓace: oda uku sun nuna an biya, biyu babu kuɗinsu ko kaɗan, ɗaya kuma naira 100 ta shigo maimakon 45,000. Ina matsalar take?

Ƙanena, fara da kiran Hajiya ka ce kada ta saki kayan nan uku, sannan ka dakatar da biya a shafin har ka gyara.

Matsalar ita ce ka bar burauza, wato manhajar da kwastoma ke buɗe shafinka da ita, ta yanke hukunci. Burauza kuwa a hannun kwastoma take. Duk wanda ya danna F12 a kwamfuta zai ga JavaScript ɗinka, wato umarnin da ka rubuta wa burauza, baro-baro, ya ga inda ka rubuta farashi, ya ga adireshin da kake kira idan an gama biya. Mai naira 100 ɗin nan farashin ya canza kafin tagar Paystack ta buɗe, ya biya ɗarinsa da gaske, shafinka ya ji an ce "nasara" ya amince. Sauran biyun ko kati ba su ciro ba, adireshin nan naka kawai suka kira da hannu. Kamar mai shago ne da aka nuna wa hoton alat a waya, ya ɗaure kaya bai duba asusunsa ba.

Farashi a sabar ake lissafa shi, wato kwamfutar da shafinka ke zaune a kai, wadda ke hannunka. Abin da burauza za ta aiko maka shi ne lambar kaya da adadinsu, shi ke nan. Sabarka ta ɗauko farashi daga rumbun bayanai, ta haɗa jimla, ta ƙirƙiri lambar shaida da ba a taɓa amfani da ita ba, ta ajiye odar a matsayin "ana jira", sannan ita da kanta ta buɗe cinikin a wurin Paystack. Ka tuna da kobo suke karɓa: naira 45,000 ita ce 4500000. Kai ma ka ajiye kuɗi da kobo, cikakkiyar lamba, don lamba mai ɗigo tana kawo 'yar ɓaraka wajen lissafi, ka wayi gari kuɗi daidai amma kwatanci ya ƙi.

Idan kwastoma ya dawo shafinka, sabar ta ɗauki lambar shaidar ta tambayi Paystack ta hanyar /transaction/verify da mabuɗin sirrin da Paystack ta ba ka. A amsar, kula da kyau, akwai status guda biyu. Na waje yana nufin tambayarka ta isa lafiya ne kawai. Wanda ke cikin data shi ne na cinikin, kuma sai ya ce success. Yara da yawa a nan suke zamewa. Bayan haka ka duba ko kuɗin da ya shigo ya yi daidai da wanda ka ajiye, ko NGN ne, ko kuma an riga an yi amfani da wannan lambar a wata oda. Ɗaya ya saɓa, oda ba ta wucewa.

Wannan kaɗai bai isa ba, don ka san halin netwok ɗinmu. Mutum zai biya, data ta yanke ko waya ta mutu kafin ya dawo shafinka, kuɗi sun fita oda na nan tana jira. Maganinsa webhook, wato saƙon da Paystack ke turo wa sabarka kai tsaye, mai suna charge.success. Sai dai adireshin da ke karɓarsa a buɗe yake, kowa na iya turo ƙarya. Don haka kowane saƙo na zuwa da hatimi a x-paystack-signature. Ka ɗauki ɗanyen saƙon yadda ya zo, kafin ka taɓa shi, ka lissafa naka hatimin ta hanyar HMAC SHA512 da mabuɗinka na sirri, ka kwatanta da wanda ya zo. A PHP hash_hmac da hash_equals sun ishe ka. In Laravel kake amfani da shi, wato tsarin gina shafi na PHP, cire wannan adireshin daga binciken CSRF mai tare saƙon da ba daga shafinka ya fito ba, in ba haka ba lambar kuskure 419 zai riƙa mayarwa kana ta neman laifin wani. Ka amsa da 200 nan take, wato lambar da ke nufin saƙo ya iso lafiya, don idan ba su ji amsa ba za su yi ta sake turowa. Saboda haka saƙo ɗaya na iya zuwa sau uku, kuma dole sabarka ta gane odar da aka riga aka rufe, kada a rage kaya a sito sau uku.

Saura mabuɗi. Mai farawa da pk_ shi ke zama a burauza, ba laifi. Mai farawa da sk_, wato na sirri, a fayil ɗin .env na sabar yake zama, fayil ɗin kuma cikin .gitignore, jerin fayilolin da Git mai ajiye tarihin aikinka ba zai ɗauka ba. In ka taɓa tura shi GitHub ko sau ɗaya, gogewa ba ta raba ka da shi, Git na riƙe da tarihi. Shiga dashbod ɗinka na Paystack ka sabunta shi yau.

Ita kuma Hajiya, gaya mata gaskiya cewa kuskuren daga aikinka ne, ka gyara ba tare da ƙarin ko sisi ba. Kafin ka sake buɗewa, koma mabuɗan gwaji ka zama ɓarawon da kanka: canza farashi, kira adireshin da hannu, turo webhook ba hatimi, maimaita tsohuwar lambar shaida. Huɗun nan duk su kasa wucewa, sannan ka bi tsofaffin oda ɗaya bayan ɗaya kana kwatanta su da dashbod, don da wuya a ce waɗannan ukun ne na farko.