Kafin ka kwance kan batir

Jiya muna rufe gareji ka tambaye ni abin da ya sa Corollar malamin nan na Tudun Wada ta riƙa mutuwa a silo, wato tana tsaye inji na aiki, bayan ka canza mata batir, alhali lafiya lau ta shigo. Ka ƙara da cewa, "Oga, da mun bar injin yana aiki mun zare tsohon mun ɗora sabo, kamar yadda ake yi a tasha, ai da mun huta." Ga shi yau babu aiki da yawa, jawo benci ka zauna.

Ba ka ɓata komai ba, ɗana. Ƙwaƙwalwar mota, wadda muke ce wa birenbos, karatu iri biyu gare ta. Akwai hadda, akwai rubutun allo. Haddar ita ce abin da kamfani ya zuba mata, da shaidar makullinta. Wannan ko shekara motar ta yi babu batir yana nan. Rubutun allo kuwa shi ne abin da ta koya a kan hanya: yawan man da za ta ƙara ko ta rage, da yadda za ta buɗe totur, ƙofar da iska ke shiga inji, idan mota na tsaye. A motoci da yawa, wuta na ɗaukewa an wanke allon.

Ka tuna yadda bakin totur ɗin Corollar ya yi baƙi ƙirin? Ƙurar hunturun Gusau ce da tururin baƙin mai suka taru shekara da shekaru. Kullum dattin na ƙaruwa, ita kuma tana ƙara buɗe totur kaɗan-kaɗan don iska ta wuce, mai mota bai ma sani ba. Da ka cire batir sai ta koma lissafin sabon totur mai tsabta, iska ta kasa, inji ya shaƙe. Shi ya sa da muka wanke shi, muka bar ta ta yi zafi a silo, muka zaga da ita hanyar Sakkwato, ta dawo hayyacinta. Sauran asarar ƙanana ce: agogo, tashoshin rediyo, gilashin da ke hawa da kansa. Sai dai wasu Honda Accord, rediyonsu kulle kansa yake yi ya nemi lambar sirri, mai motar kuma da wuya ka same shi da ita, tunda hannu na uku ko na huɗu ya saya.

Maganar zare batir inji na aiki kuwa, kada in ƙara jin ta a bakinka. Altaneta, mai cajin batir, na ba da wuta wajen bolt 14, batir ne ke danne ta, yana shanye duk wani tsalle da za ta yi. Ka ɗauke shi, wutar na iya zabura ta ninka, kuma birenbos ce a gaba. Masu yi a tasha daga zamanin Peugeot 504 mai kafireta suka gado shi, motar da ba ta da ƙwaƙwalwar da za ta ƙone. Ni ma na taɓa yi, farkon buɗe shagona, a motar wani ɗan kasuwa. Fitilun dashbod suka yi wani irin haske, inji ya mutu, ƙaurin ƙonewa ya taso. Wata uku ina biyan kuɗin birenbos.

Abin da ake yi shi ne a ba motar 'yar wuta ta gefe kafin a taɓa batirinta. Leƙa ƙarƙashin sitiyari, inda muke soka sikana, na'urar da ke karanto matsalar mota. Soket ɗin nan sunansa OBD, rami 16 gare shi, kuma tun 1996 doka ta wajabta shi a motocin da ake sayarwa a Amurka, inda yawancin Toyota da Hondar da ke zuwa mana suka fito. Rami na 16 kullum da wuta a cikinsa ko mota a kashe take, na 4 da na 5 su ne at, wato negetif. Hanyar da wuta ke fitowa ta nan za mu mayar da ita. Wayar nan da ke rataye a ƙusa aikinta ke nan: kai ɗaya OBD, ɗayan kan matsai biyu, a tsakiya fiyus da dayod, don kada wuta ta juyo baya. Ka haɗa ta da batirin babur ko na UPS mai bolt 12, amma ka fara ɗora mita. In bai kai 12.4 ba, nemi wani. Cikakke 12.6 yake nunawa.

Kashe mota, zare makulli ka sa a aljihu, ka bar gilashi ɗaya a sauke, don wasu motocin kulle ƙofa suke yi da kansu. Jona wayar, rufe ƙofofi, jira 'yan mintoci komai ya lafa. Sannan kwance baƙin kai, negetif, kafin jan. To a nan yara ke ƙona hannu: jan kan nan da ka cire da wuta a jikinsa, tunda ga batir can yana ciyar da shi. Naɗe shi da tsumma ko guntun robar cikin taya, kada ya taɓa ƙarfen mota. Kada wani ya buɗe ƙofa, ya taka burki ko ya kunna fitila, fiyus ɗin layin ƙarami ne, yana tsinkewa an yi aikin banza. Wajen ɗaurawa ja ne farko, baƙi na biye, sannan ka zare wayar.

Za ka ga masu bi ta ramin kunna sigari. A Toyota da Honda da yawa ramin mutuwa yake yi da an zare makulli, don haka wutar ba inda take zuwa. Gwada da mita tukuna. 'Yar batirin nan mai bolt 9 kuma ban yarda da ita ba, motocin yanzu kafin ka juya sun tsotse ta.

Amma ba kowane aiki ake riƙe wuta ba. In walda za a yi, ko za ka kwance kik ko altaneta, ko ka taɓa wani abu na eyabag, jakar iskar nan da ke buɗewa in an yi haɗari, ana cire batir ne don motar ta mutu murus. A nan ko kusa kada ka jona komai. Toyota ma cewa ta yi a jira aƙalla daƙiƙa 90 bayan cire negetif kafin a taɓa eyabag. Abin da za a rasa a rasa, sai dai ka fara soka sikana ka rubuta lambobin matsala a takarda, don wasu motocin suna gogewa tare da allon.

Gobe da safe akwai Accord da za a kawo daga Ƙauran Namoda, batirinta ya kumbura. Kai za ka yi, ina tsaye. Ka sa batirin babur ɗin a caji tun yau, ka kuma nemo mini sifana mai lamba 10 da ka bari a cikin bonet ɗin Corollar malam.