Gindin Tumatir Na Yin Baƙi: Amsoshi Ga Masu Lambun Gida

Wata uwargida daga Zariya ta aiko cewa: "Malam, tumatirin da na dasa a buhu bayan ɗaki ya yi 'ya'ya, amma gindin kowane ɗa sai ya yi baƙi ya lotsa. Wane magani zan fesa?"

Hajiya, adana kuɗinki, wannan ba aikin ƙwari ba ne. Sinadarin kalsiyam ne bai kai ga 'ya'yan ba, kuma galibi ba don babu shi a ƙasar ba, sai don ban ruwan bai da tsari. Yau ƙasa ta bushe ƙamas, gobe a malala mata bokiti biyu. Ruwa ne ke ɗaukar sinadarin daga saiwa zuwa ɗa, in ya yanke sai gindin ya mutu. Buhu kuwa ya fi fili saurin bushewa. Ki riƙa ba shi ruwa kowace safiya daidai gwargwado, a gindi ba a kan ganye ba, ki ƙara kaɗan da yamma in rana ta yi zafi. Ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa, ki huda ƙasan buhun don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ki kuma sassauta da takin yuriya, ganye kawai yake ƙarawa. Waɗanda suka riga suka lalace ki tsinke su, ba sa warkewa.

Wani matashi daga Gusau yana kukan furen tumatirinsa na zuba tun watan Maris. Ɗan'uwa, zafi ne. In ya haura digiri 35, fure ba ya kama ɗa. A yankinmu a yi reno a watan Oktoba, bayan sati 3 zuwa 4 a dasa, hunturu ya same shi yana fure. Yanzu dai ka yi masa 'yar rumfa da zana, ka mayar da hankali kan kuɓewa da alayyafo, su ba sa gudun rana.

Mai kuɓewa da ke cewa tasa tana tauri: jira kake ta yi girma, ita kuwa tsufa take. Kwana 5 zuwa 6 bayan fure ta isa cira. Ka zaga kowane kwana biyu da wuƙa. Abin da ke ba ni takaici shi ne wanda aka bari ya tsufa a jikin uwa yana sa ta rage haihuwa, asara biyu ke nan.

Game da kashin kaji da aka tambaya ko za a zuba wa alayyafo: a zuba, amma ba ɗanye ba. Yana ƙona saiwa, yana kuma iya ɗauke da cuta, ga shi ganye ne za mu ci. A tara shi a rami, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa har ya yi baƙi, warin ya tafi. In alayyafon ya kai sati 4, a yanka a bar kamar tsawon yatsa a gindi, zai sake toho.