Amsa ga mai son kai yara rafin Medano a watan Yuli

Wa alaikumus salam. Hajiya, kin tambaya ko yara za su samu ruwan rafin Medano da kika gani a hotunan Great Sand Dunes, gandun tuddan yashi da ke jihar Colorado a Amurka, idan kun je a Yuli. Don Allah ki matso da tafiyar kusa. Sau uku muna zuwa daga birnin Denba, kuma na farkon a tsakiyar Yuli ne. Yashi mai laima kawai muka tarar, sai sauro da ya yi mana rubdugu a gindin itatuwa. Ƙaramar 'yata har kuka ta yi.

Rafin nan ba da ruwan damina yake cika ba kamar namu na gida. Ƙanƙarar da ta taru kan duwatsun Sangre de Cristo ce ke narkewa ta gangaro, shi ya sa ya fi cika daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni. Shekarar da ƙanƙara ta yi ƙaranci, da wuri yake janyewa. Hukumar gandun tana sa bayanin yawan ruwan a shafinta na intanet, ki duba kafin ku ɗauki hanyar awa huɗu.

Zuwanmu na biyu, farkon Yuni, shi ne wanda ba na mantawa. Ruwan ya bazu a kan yashi da faɗi, yawanci iyakarsa idon sawu, wani wurin ya kai ƙwauri. Kina tsaye sai ki ga igiya ta taho kamar a bakin teku, alhali babu teku ko kusa. Yashi ne ke taruwa a ƙarƙashi ya tare ruwan, sai shingen ya fashe, ruwan ya kwararo gaba ɗaya, bayan kamar daƙiƙa 20 a sake. Yarana sun wuni suna gina madatsa ruwa yana rushe musu. Ni ma da doguwar rigata da wando na shiga, ba wanda ya ko kalle ni.

Da sassafe ruwan ya fi yawa, amma sanyinsa har cikin ƙashi, don haka mukan fara hawan tudu, mu dawo ruwa da hantsi. Kada ki bar yara su hau tudun nan ba takalmi rufaffe. Da rana tsaka zafin yashin kan kai digiri 65 a ma'aunin Celsius. Wurin yana kan tsayin kusan mita 2,500, numfashi kan yi wuya, ga ƙishirwa, sai ku riƙe ruwan sha da yawa. Kuna jin tsawa ku sauko.

Ki guji hutun Memorial Day na ƙarshen Mayu, layin motoci tun daga ƙofa yake farawa. Ranar Talata ko Laraba ta fi. Mu a garin Alamosa da ke kusa muka kwana, kuma da dambunmu da soyayyen nama muka taho daga gida. Allah Ya kai ku lafiya.