Hukuncin sayen ƙaramar tarakta bashi da ƙari a kan farashin hannu

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye kudu da Gadarif a ƙasar Sudan, ina da faddan 20 (faddan ɗaya kusan eka ɗaya ne) ina noma dawa da riɗi. Duk damina sai na bi layin masu tarakta, kafin ta iso gonata shuka ta yi nisa. Wani ɗan kasuwa ya ce zai sayar mini da ƙaramar tarakta in biya cikin kaka uku, amma kuɗin ya ɗara na hannu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. In muka sa hannu na ba da kafin alƙalami, sai ya tafi Port Sudan ya sayo ta. Kafin alƙalamin daga zinaren maiɗakina zai fito. Wani ɗalibi a masallacinmu ya ce ƙarin nan kuɗin ruwa ne. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ƙarin da ya hana ka barci halal ne. Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka shi ne jimlar da ka faɗa a wuce, cewa sai kun sa hannu zai je ya sayo ta. Ke nan ranar da za ku ƙulla ciniki taraktar tana hannun wani a bakin teku, shi kuwa bai mallaki ko tayarta ba. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana Hakim bin Hizam sayar da abin da ba ya wurinsa. Imamu Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa cewa wani ya ce wa wani, sayo mini raƙumin nan da kuɗi hannu ni kuma in saya a wurinka bashi, aka tambayi Abdullahi bin Umar, ya ƙi abin kuma ya hana. Naka kusan haka yake. In aka cire suna, mutumin ya ba ka kuɗin tarakta ne zai karɓi fiye da su bayan kaka uku, ba tare da ya ɗauki kasadar kaya ko ta yini ɗaya ba.

Gyaransa ba wuya. Ya je ya saya da kuɗinsa da sunansa, ya karɓe ta, in ta faɗi a hanya tsakanin Kasala da Gadarif asararsa ce. In ta iso ka zagaye ta, ka tayar da injin, sannan ku yi ciniki, kana da ikon cewa ka fasa. A kan wannan sharaɗi, wato mallaka da karɓa kafin sayarwa, majalisar fiƙihun Musulunci ta duniya ta halatta irin wannan ciniki a zamanta na Kuwait a 1988.

Sai maganar ɗalibin nan. Kada ka raina shi, ba daga kansa ya ƙago ta ba. Ra'ayi ne da Shaikh Nasiruddin Albani, Allah ya jiƙansa, ya tsaya a kai, yana kafa hujja da hadisin Abu Huraira a wurin Abu Dawuda: wanda ya yi ciniki biyu cikin ciniki ɗaya, to ko dai ya ɗauki mafi ƙarancin kuɗin, ko ya faɗa riba ta haram. Masu wannan ra'ayi suka ce mafi ƙaranci shi ne farashin hannu, ƙarin kuwa kuɗin lokaci ne, sayar da lokaci kuma shi ne aikin mai ba da bashi da ruwa.

Ban gamsu da wannan ba, kuma mazhabobi huɗu ba su tafi a kai ba. Imamu Tirmizi ya kawo fassarar malamai ga hanin ciniki biyu: mai kaya ya ce goma hannu ko ashirin bashi, su rabu ba a tsayar da ɗaya ba. Ya ce in suka rabu a kan ɗaya babu laifi. To kai da mutuminka kun tsayar da ɗaya, ina cinikin na biyu? Shi kansa lafazin "mafi ƙaranci", Khaɗɗabi ya ce bai san wani masanin fiƙihu da ya yi aiki da zahirinsa ba sai abin da ake hikaitowa daga Auza'i. Ibnul Ƙayyim kuwa ya ɗora shi a kan cinikin ina, inda mutum zai sayar maka da kaya bashi da tsada, ya sake saye a wurinka nan take da araha. A can ne ake da ciniki biyu na gaske. Batun sayar da lokaci kuma, ku manoman Sudan kun fi kowa sanin cinikin salam: a ba ka kuɗi a damina, ka kawo buhunan dawa a kaka, farashin ya yi ƙasa da na kasuwa saboda jinkiri. Manzon Allah ya tarar da mutanen Madina suna yin sa a dabino, bai hana ba, sai ya gindaya sanannen awo da sanannen lokaci. In jinkirin kaya ya halatta ragi, me zai sa jinkirin kuɗi ya haramta ƙari? Abdullahi bin Amr ya karɓi raƙumi ɗaya a kan biyu zuwa wani lokaci da umarnin Annabi. Majalisar fiƙihun da na ambata ta tabbatar da halaccin a Jidda a 1990.

Amma da zarar an yanke farashi ya zama bashi, ba ya ƙaruwa da ko fam ɗaya na Sudan. Tarar jinkiri haram ce. Ka kuma kula da sharaɗin da ya yawaita tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma fam ya riƙa faɗuwa, wai "in kuɗi suka karye za mu sake lissafi". Wannan ya mai da farashi abin da ba a sani ba, yana ɓata ciniki. In yana tsoron faɗuwar fam, tun farko ku yanke da buhunan dawa, a faɗi iri da awo da watan biya, kada a ɗaura su a kan abin da gonarka za ta fitar.

Yanzu bari in yi maka maganar da ba ka tambaya ba. Faddan 20 aikin 'yan kwanaki ne ga tarakta, sauran shekara tana tsaye, bashin kuwa yana tafiya. Ga man gas da wahalar samunsa, ga baƙin mai, ga taya, ga ladan direba da na bakanike. Ƙasarku kuma laka ce mai nauyi, in ta sha ruwa sai ta liƙe a ƙarfe dam, shi ya sa masu manyan gonaki na faddan 1,000 suke jan faffaɗar garmar diski da manyan injuna. Kafin ka ba da ko sisi, a kai irin wannan ƙaramar tarakta gonarka bayan ruwan farko ka ga abin da za ta ja. Ka zauna da alƙalami ka haɗa kuɗin hayar da ka biya a daminan da suka wuce da hasarar makarar shuka, ka gwada da kason shekara ɗaya na bashin. In lissafin ba zai tashi ba sai da hayar maƙwabta, je ka tambaye su tun yanzu nawa ne za su ba ka aiki. In kuma ku uku ko huɗu za ku haɗa kuɗi ku saya tare, tarayya halal ce kuma ta fi mini kwanciyar rai, muddin kun rubuta gonar da za a fara shiga kowace shekara, domin a nan zumunci yake tsinkewa.

Zinaren kuwa na maiɗakinka ne. Shirunta don kunya ba izini ba ne. Ka tambaye ta a fili, kyauta ce ko rance ko hannun jari. In rance ne a rubuta nauyinsa da giram, da zinare za ka mayar, a sa shaidu ko da daga cikin gida ne. Na fi so kada ka kwashe duka, a shekarun gudun hijira irin waɗannan shi ne guzurin mace da 'ya'yanta.

Ita taraktar babu zakka a kanta. Dawa da riɗin da ruwan sama ya shayar ushiri ne cikakke, kuɗin mai da na noma ba sa mai da shi rabi. Allah ne mafi sani.