Tambaya da Amsa: Motar da Aka Yi wa Ƙari, Wane Aji Za Ta Shiga a Otokuros?

Tambayoyin wannan fitowar duk a kan otokuros suke, wato gasar da ake jera robobin hanya masu tsini a fili mai kwalta ko siminti, kamar babban wurin ajiye motoci ko filin jirgin da aka daina amfani da shi, mota ɗaya-ɗaya ta ratsa tsakaninsu ana auna lokacinta. Zagaye ɗaya bai cika wuce minti ɗaya ba, kuma yawanci a giya ta biyu ake gama shi. Amsoshinmu sun dogara ne kan dokar SCCA, ƙungiyar Amurka da aka kafa a 1944, wadda ke kiran wannan gasa Solo. Dokar ta raba motoci rukuni-rukuni gwargwadon ƙarin da aka yi musu, kowane rukuni kuma da azuzuwansa. A Turai sunan otokuros na wani wasa ne daban, tsere a kan turɓaya, ba shi muke magana a kai ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Honda Civic gare ni. Na sa mata sifirin masu rage tsayi, na cire akwatin iyakilina na sa buɗaɗɗen bututun iska, an kuma sake mata lissafin birenbos, wato kwamfutar injin. Inji da giyabos ban taɓa su ba. Tunda da ita nake zuwa aiki kullum, ai ajin Street zan shiga ko?

AMSA: Wa alaikumus salam. A'a ɗan'uwa, ka riga ka fita daga Street, kuma ko ɗaya daga cikin ukun nan ya isa ya fitar da kai. Sunan ne ke ruɗin mutane. Ba ana nufin duk motar da ke hawa titi ba, ana nufin mota kusan yadda ta fito daga kamfani. Kafin 2014 ma Stock ake kiransa.

Littafin dokar a kan ƙa'ida ɗaya ya tsayu: abin da ba a rubuta an yarda da shi ba, an hana shi. Don haka kada ka buɗe littafin kana neman inda aka hana abin da ka yi, nemi inda aka halatta shi. In ba ka gani ba, babu shi a wannan rukunin.

Abin da Street ya yarda da shi kaɗan ne. Za ka iya sauya shokazoba, muddin wurin saita ta bai wuce biyu ba, amma sifirin na kamfani ya zauna. Sandar sitabilaiza guda ɗaya tak za ka sauya ko ka cire, ta gaba ko ta baya, ba duka biyu ba. Ana sauya salansa daga bayan katalis, wato matatar hayaƙi, zuwa ƙarshe. Fad ɗin birki kowane iri. Takardar iyakilina ana sauyawa, akwatin kuwa yana nan. Rim dole faɗinsa ya zama daidai da na kamfani, girmansa zai iya ƙaruwa ko raguwa da inci 1, fitowarsa waje ko shigarsa ciki kada ta wuce milimita 7. Taya kuma lambar jurewar cinta, wadda aka buga a gefenta kusa da kalmar TREADWEAR, ta kai 200 ko fiye.

Motarka Street Touring za ta. A nan an yarda da sifirin da shokazoba na kasuwa, sitabilaiza biyu, kayan ƙara wa taya jirkice, bututun iska, bututun hayaƙi tun daga jikin inji, da sake lissafin birenbos. Katalis dai dole ya kasance, ko da na kasuwa ne. Taya har yanzu mai 200 ce, kuma kowane aji yana da iyakar faɗin taya da rim.

Yadda za ka tabbatar: ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ba na kamfani ba a jikin motar, har da wanda mai ita na farko ya sa. Masu sayen mota ta hannu a nan suke faɗawa tarko, don ba su taɓa leƙa ƙarƙashinta ba. Sai ka bi sassan littafin a jere: na 13 Street, 14 Street Touring, 15 Street Prepared, 16 Street Modified, 17 Prepared, 18 Modified. Rukunin farko da ya ɗauke jerinka gaba ɗaya, ba tare da saura ko ɗaya ba, shi ne naka. Daga nan ka je Appendix A a ƙarshen littafin, inda aka jera motoci da shekarunsu, ka ga harafin ajinka a cikin rukunin. Ka tabbata littafin shekarar da ake ciki ne a hannunka, domin ana matsar da motoci daga aji zuwa aji, har sunayen azuzuwa ana sauyawa. Sauye-sauyen suna fitowa a sanarwar ƙungiyar mai suna Fastrack.

TAMBAYA: Ni ba abin da na yi wa tawa sai bonet na kabon mara nauyi, na kuma cire kujerar baya. An ce mini wai Street Modified zan shiga. Anya kuwa?

AMSA: Gaskiya aka faɗa maka, kuma abin takaici ne. Sauya bonet da cire kujerar baya, Street bai yarda ba, Street Touring bai yarda ba, Street Prepared ma haka. Sai a Street Modified aka buɗe su. To can kuwa abokan karawarka masu dashen inji ne da masu ƙara turbo, a kan tayar gasa mai laushi. Kilo kaɗan ka rage, ka tsallaka rukuni uku. Ba a duba yawan abin da ka kashe ko ƙarfin injinka, ƙari mafi nisa shi ke yanke hukunci. In tsohon bonet yana nan, rabin yini ya isa a mayar da shi da kujerar.

Irin wannan tarkon akwai shi a taya. Motar da ba a taɓa komai a jikinta ba, in aka sa mata taya mai lamba ƙasa da 200, irin Hoosier A7, ta bar Street da Street Touring ke nan, sai Street Prepared. Cire katalis ma can yake kai mutum.

Ga wanda ƙarinsa ya yi nisa har ba ya komawa, akwai mafita. Xtreme Street da CAM an yi su ne don irin waɗannan motoci: dokarsu gajera ce, inji da ƙafafu kusan a sake suke, abin da aka riƙe shi ne taya mai 200 da mafi ƙarancin nauyi. CAM na motocin Amurka ne irin su Mustang, Camaro da Corvette. A ganinmu, mai motar da aka yi wa ƙari don sha'awa, ba don bin wata doka ba, ya fara duba nan kafin Street Modified, ko don kuɗin taya kaɗai. Tayar gasa saurin cinyewa gare ta, kuma ba a zuwa aiki da ita.

TAMBAYA: Wa ke duba ajin? Masu binciken mota da safe?

AMSA: A'a. Su lafiyar mota suke dubawa: baturi a ɗaure yake, taya ba ta girgiɗi, birki yana kamawa, totur yana komawa da kansa, ba ɗigon mai, an kwashe tabarmin ƙasa da duk tarkace, hular kwano tana da shaidar inganci. Aji kai ne za ka faɗa da bakinka ka manna a ƙofa tare da lambarka. Sai dai abokan karawa suna da damar shigar da ƙara, kuma a manyan gasa kamar ta ƙasa da ake yi a Lincoln ta jihar Nebraska, bayan an gama ana ajiye motoci bonet a buɗe kowa ya duba. A ƙananan taruka kuwa, ka nuna wa shugaban sababbin shiga jerin da ka rubuta, minti biyar zai gaya maka wurinka.

TAMBAYA: Ni mace ce, sabuwar shiga. Mazda Miata ce da ni, sifirin kawai aka sauya mata. In sayi sauran kayan Street Touring ne, ko in mayar da na kamfani?

AMSA: 'Yar'uwa, shekarar farko kada ki yi ko ɗaya. Shiga da ita yadda take, ki rubuta ajin da ya dace da ita na gaskiya, ki yi rajista a jerin sababbi in ƙungiyarku tana da shi. Tsakanin sabon direba da gogagge a mota iri ɗaya, sakan da yawa ne, kuma ba kayan da za su cike wannan. Roba ɗaya da kika kayar tarar sakan 2 ce, in kika ɓace hanya kuwa zagayen ya tafi a banza. Taka filin da ƙafa sau biyu ko uku kafin a fara ya fi miki sabuwar shokazoba.

Bayan taro biyar ko shida sai ki yanke. Abin lura shi ne mafi munin matsayi a wannan wasa shi ne rabi-da-rabi: mota ta fita daga Street da abu ɗaya, ba ta kuma ci moriyar abin da Street Touring ya halatta ba. Masu cin wannan ajin sun yi komai, daga faffaɗan rim har jirkicen tayar gaba da ke hana gefenta na waje cinyewa a kwana. Mayar da sifirin na kamfani ya fi araha nesa ba kusa ba, sai ki zuba kuɗin a taya mai 200 mai kyau da alaimen. Ki kuma duba sakamakon tarukan baya ki ga ajin da ya fi cika. Wanda ke shi kaɗai a ajinsa ba shi da wanda zai auna kansa da shi.

TAMBAYA: Mene ne PAX da nake gani a takardar sakamako?

AMSA: Ma'auni ne na daidaita azuzuwa. Kowane aji yana da lambarsa, ana sabunta ta duk shekara, ajin da ake kira A Modified, mafi sauri, shi ke da 1.000, sauran suna ƙasa. Ana ninka lokacinka da lambar ajinka. Ɗauki misali, a ce lambar wani aji 0.80 ce, ta wani 0.86. Na farko ya yi sakan 50, ya koma 40.0. Na biyu ya yi 47, ya koma 40.42. Mai sakan 50 ne a gaba. An gina lambar ne a kan motar da ta cika duk abin da ajin ya halatta a hannun gwani, shi ya sa mai bonet ɗin kabon da ya yi tambaya ɗazu zai ga kansa can ƙasan takarda ko da ya yi tuƙi mai kyau.