Amsa ga mai tambaya kan sayen babur ɗin daji na hannu

Ɗan'uwa, ka ce an yi maka tallar babura biyu na hannu, Honda CRF250R da Suzuki DR-Z400S, kana neman wanda za ka riƙa shiga daji da hanyar burji da shi, kuma kana son sanin abin da za ka duba kafin ka biya. Shawarata ka ɗauki Suzukin, in dai lafiyarsa ƙalau.

CRF250R babur ɗin tsere ne. Nauyinsa bai wuce kilo 105 da 'yan kai ba, ga zafin nama, amma ba shi da fitila, tankinsa wajen lita 6 ne, kuma da awa ake ƙirga hidimarsa: ga mai tsere, kamfanin ya ce a sauya fistin da ringi duk bayan awa 15. DR-Z400S kuwa a shekarar 2000 aka fara yinsa, inji mai cc 398, tanki lita 10, nauyi wajen kilo 144, baƙin mai sai bayan kilomita 6,000, ko da yake a cikin ƙura gara ka rage wannan tazarar da rabi. Nauyin zai gajiyar da kai a yashi, amma yana da juriya. A ƙarshen 2024 Suzuki ya fito da magajinsa, DR-Z4S, mai injekta a madadin kabureta, sai dai tsohon ya fi sauƙin gyara ga kowane bakanike.

Ranar dubawa, ka ce kada a tayar da shi kafin ka iso. Ɗora hannu a kan injin, ka tabbata sanyi ƙalau yake. Babur ɗin da ke wahalar tashi da sanyi, amma da ya yi zafi sai ya riƙa kamawa nan take, galibi bawul ɗinsa na shan iska ne suka ci suka matse. Ƙura ce ke jawo wannan. Don haka ka cire filtar iska, ka zura yatsa cikin robar da ke bayanta. In yatsan ya fito da gari-gari, to ƙasa ta daɗe tana shiga injin, ta goge bawul da ringi kamar sanfefa, kuma aikin kan inji na jiranka. Wannan dubawar ba ta cin minti biyar, amma ta fi duk sauran muhimmanci.

Daga nan sai baƙin mai. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwan lagireto na haɗuwa da shi, ko dai ta sil ɗin famfon ruwa ko ta gaskit. In kana ganin ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a ciki, ka haƙura da babur ɗin kawai.

A ɗora shi kan akwati tayoyi su bar ƙasa. Girgiza kowace taya gefe da gefe: in tana motsi, boris ya mutu. Ɗaga tayar baya sama a hankali. Ƙaramin ƙwas da za ka ji kafin shokazoba ta fara aiki, boris ɗin hannun baya, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, su ne suka bushe, don ruwa da taɓo suna shigarsu kuma ba kowa ke tuna sa musu giris ba. Danna gaba sau biyar, ka shafa sandunan shokazoba; zoben mai a jiki yana nufin sil ya yage, kuma man na iya gangarowa kan birki. Haƙoran sifoket, wato faifan da sarƙa ke hawa kansa, in sun lanƙwashe kamar ƙugiya, sarƙa da sifoket biyun tare ake sauya su, in ba haka ba tsohon zai cinye sabon.

Leƙa ƙarƙashin firam da gindin matakan ƙafa, ka nemi tsagewa ko sabon walda da aka rufe da fenti. Lambar shasi da ke wuyan babur kuma ta yi daidai da ta takardu, harafi da harafi, ba alamar goge ko sake bugawa. In mai shi ya hana ka cire filta ko ɗaga babur ɗin, kada ka tsaya ciniki.